Yara 43 suka rubuta suna, 11 suka rage: ina muka yi kuskure?

Kocin Ƙwallo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na kwana biyu ina juya wannan magana a raina, yau na ce bari in kawo ta gaban manya. Ni da abokaina uku muka buɗe wani ɗan shiri na matasa a unguwa. Aron aji ɗaya muka samu da fili. Duk Asabar da yamma a buga ƙwallo na awa ɗaya, sannan a shiga aji mu yi musu lacca kan illar shaye-shaye, da biyayya ga iyaye, da muhimmancin karatu. Ranar farko yara 43 suka rubuta suna, daren nan don murna ban runtsa ba. Yau wata bakwai ke nan, masu zuwa 11 ne. Abin da ya fi ci mini rai, waɗannan da suka rage dama can yaran kirki ne, ko babu mu za su gyaru. Waɗanda muka buɗe shirin dominsu, su suka fara tafiya. Wasu kan zo su buga ƙwallon, da an busa usur an ce a shiga aji, sai ka neme su ka rasa. Wallahi ba kuɗi muke nema ba, ba suna ba. Don Allah duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki ya faɗa mini gaskiya komai ɗacinta.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Koci, sannu da ƙoƙari, amma ni a ganina maganar a fili take. Matashin da ya tashi da safe aljihunsa fayau, babu aiki, babu sana'a, kai kuma ka zaunar da shi kana gaya masa illar ƙwaya. Ai ya fi ka sanin illarta, a gabansa abokinsa ya lalace. Ka samar masa abin yi da zai kawo masa kuɗi, za ka ga ya daina gudu. Duk wani shirin matasa da babu sana'a a cikinsa ɓata lokaci ne.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana Koci, Allah Ya saka da alheri. Shekara 34 na yi ina riƙe da alli. Yaran yanzu magana ba ta ratsa su, sai sun gani da ido. Shawarata ku nemi izini ku kai su gidan yari, su ga yadda rayuwa take a can, fursunoni su ba su labari da bakinsu. Gani ya kori ji. Wanda ya ga ƙarshen hanyar da idonsa zai yi tunani kafin ya bi ta.

Ɗalibar Ilimi:
Baba, ina neman afuwa, ba gyara nake yi wa babba ba, amma wannan shawara an gwada ta, kuma sakamakon ya ba kowa mamaki. A shekarun 1970 aka fara irin wannan a gidan yarin Rahway da ke jihar New Jersey a Amurka, ana kai yara masu taurin kai wurin fursunoni masu ɗaurin rai da rai don su tsorata su. Shirin ya yi suna da Scared Straight, ya bazu wurare da yawa. Daga baya Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje tara da aka yi a kansa, inda aka raba yara ta hanyar ƙuri'a, wasu aka kai su, wasu aka bar su. Yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba faɗawa cikin laifi daga baya.

Tsoro ba ya daɗewa a zuciyar matashi. Kwana biyu ne ya wuce, abin da ya rage shi ne labarin da zai ba abokansa cewa ya shiga kurkuku ya fito. Kuma a ƙasan ransa ya fahimci yadda manya suke kallonsa: mai laifi ne da bai riga ya aikata ba. Ina jin laccar Koci ma, duk da kyakkyawar niyya, saƙon da take isarwa ke nan.

Autan Zaure:
Yaya Koci, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shekarata 19, kuma da ina cikin yaranka ni ma da na sulale.

Ka duba yadda abin yake daga wurinmu. Daga Litinin zuwa Juma'a muna zaune a kan benci, wani yana tsaye yana magana. A gida ma faɗa ne. Sai ranar Asabar, ranar da za mu ɗan sarara, a sake zaunar da mu a kan benci, wani ya tsaya ya fara magana. Kuma kullum a kan abin da ake tsoron mu zama. Babu wanda ya taɓa tambayar mu me muka iya.

Ni abin da ya tsayar da ni ba lacca ba ce. Ina shekara 15 na fara bin wasu abokai da ba su dace ba, har na fara tsallake makaranta. Akwai wani bawan Allah da yake buɗe ɗan ɗakin karatu na sa-kai, yana kuma gyara kekunan yara kyauta a bakin ƙofar. Wata rana ina tsaye ina kallonsa yana fama da sarƙar keke, sai kawai ya miƙo mini sifana ya ce, riƙe nan. Bai tambaye ni ɗan wa ne ba, bai ce me ya sa ba na makaranta ba. Bayan sati uku ya ba ni littafin da ake rubuta sunan wanda ya ari littafi, ya ce zai yi tafiya kwana biyu, ni ne mai wurin. Na tuna na riƙe littafin nan hannuna yana rawa. Ni da malamai ba sa yarda su aike ni ofis! Da ya dawo ya zauna ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini inda na manta kwanan wata, ya ce sauran duk daidai. Sai bayan wata biyu ya taɓo maganar makaranta, kuma a lokacin da ya ce in koma, kunyarsa kaɗai ta isa ta mayar da ni.

Kocin Ƙwallo:
Auta, maganarka ta shige ni, kuma na gode da ba ka ɓoye ba. Gaskiya ne, mu huɗu muka zauna muka tsara komai, daga lokaci har batun da za a tattauna. Ko sau ɗaya ba mu tambayi yaran ba. Hatta ƙwallon da usur, ni nake tafiya da su gida.

Ɗalibar Ilimi:
Abin da ƙanenmu ya ba da labari shi ne zuciyar al'amarin. Shekaru da dama masu aikin matasa suna auna nasara da abin da yaro bai yi ba: bai sha ba, bai yi sata ba, bai bar makaranta ba. Wajen shekarun 1990 aka fara juya tunanin. Karen Pittman ta yi suna da wata magana mai ma'anar cewa yaron da ba shi da matsala ba lallai ne ya shirya wa rayuwa ba. Ana iya samun matashin da bai taɓa laifi ba, amma bai iya komai ba, bai yarda da kansa ba, ba shi da wanda zai kai wa kuka.

Richard Lerner na Jami'ar Tufts ya taƙaita abin da ake son ginawa zuwa abubuwa biyar: iya wani abu da kyau, da yarda da kai, da shaƙuwa da mutane, da halin kirki, da tausayi. Ya ce idan waɗannan suka kafu, na shida yakan biyo baya, wato matashin ya fara ba al'ummarsa tasa gudummawar. Ku lura, babu ko ɗaya a cikinsu da ake samu ta sauraron jawabi.

Ni binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Emmy Werner. Ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, tun suna jarirai har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin mawuyacin hali, ga talauci, ga rikicin gida, wasu iyayen mashaya ne ko masu taɓin hankali. Amma kashi ɗaya cikin uku na waɗannan sun girma sun zama mutane masu natsuwa da riƙon amana. Da aka duba abin da ya bambanta su, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi fitowa shi ne kowannensu yana da aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da gaske. Wani kaka ce, wani malami, wani maƙwabci. Irin mai gyaran keken Auta.

Uwar Samari:
Ni dai bari in yi magana a matsayin uwa, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Samari uku gare ni. Na tsakiyan shiru-shiru ne, kuma shi ya fi saurin bin abokai. Na taɓa sa shi a wani shiri na hutu da aka ce na gyaran tarbiyya ne. Ya tafi bai san komai ba, ya dawo da kalmomin da ban taɓa ji a gidana ba, da sababbin abokai da sai da na yi shekara ina raba shi da su. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To yanzu kuna cewa Koci ya jawo masu taurin kan su dawo. Iyayen yaran nan 11 fa, wa ya tambaye su? Kada a je gyaran wasu a ɓata wasu.

Ɗalibar Ilimi:
Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma akwai hujja babba a bayansa. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts. Yara maza sama da 500, aka raba su biyu. Rabi aka ba su mai ba da shawara da ke ziyartar gidajensu, da taimakon karatu, da kula da lafiya, wasu aka tura su sansanin hutu. Rabi aka bar su yadda suke. An yi kimanin shekara biyar ana haka. Bayan shekara 30 Joan McCord ta bi sawunsu, ta fitar da sakamako a 1978. Waɗanda aka taimaka ba su fi ba, a wasu fannonin ma sun fi shan wahala: maimaita laifi, shaye-shaye, mutuwa da wuri. Kuma waɗanda aka tura sansanin hutu fiye da sau ɗaya suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa muni. Wani abin da ke sa ni tunani har yau, yawancin mutanen da aka tambaya sun ce shirin ya amfane su. Wato jin daɗin shiri daban, amfaninsa daban.

Thomas Dishion ya yi nazarin yadda hakan ke faruwa. Idan aka tara yara masu matsala wuri ɗaya babu tsari, wanda ya ba da labarin ɓarna shi ake yi wa dariya da tafi, sai ɓarnar ta zama abin ado. Don haka ba tara su ba ne matsalar, yadda aka tara su ne. Taro babba, babu aikin yi, babu idon babba, a nan ake koyar da juna.

Tsohon Sikawut:
Nan ne nake son in sa baki, don mun daɗe da maganin wannan a hannunmu. A watan Agusta na 1907 Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyarmu ta Sikawut, ya kai yara kimanin 20 tsibirin Brownsea a Ingila. Da gangan ya haɗa 'ya'yan masu hali da 'ya'yan ma'aikata. Bai bar su taro ɗaya ba, ya raba su ƙananan rukunai huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. Har yau a kan wannan tsari muke. Rukuni na yara shida zuwa takwas, su za su kafa tantinsu, su kula da kayansu, su ƙirga junansu. Idan tanti ya faɗi da dare, babu wanda zai yi musu lacca a kan ɗaurin igiya, ruwan sama ya riga ya koya musu.

Koci, mutum huɗu ba za su iya sanin yara 43 ba idan suna jere a aji. Amma idan ka raba su rukuni-rukuni na yara shida-shida, ka gauraya su, mai taurin kai ɗaya cikin natsattsu biyar, ka ba kowane rukuni aikin da za a gani da ido, lissafin ya canza. Hajiya, wannan ce amsata gare ki: ɗanki a cikin rukunin da yake da aiki kuma babba yana kewayawa ya fi aminci a kan ɗanki a bakin titi inda babu mai kallo. Kuma sau da yawa yaron da ya fi kowa fitina shi ya fi iya shugabanci. Dama shugabancin yake yi, inda yake jan su ne ba daidai ba.

Injiniya:
Duk na karanta, kuma ban musa ba. Amma har yanzu kuna kewaye-kewaye. Tanti da littafin aro suna da kyau ga ɗan shekara 14. Ɗan shekara 20 da ƙannensa suke kallonsa, me zai kai gida? Yarda da kai ba ta biyan kuɗin haya.

Mai Lissafi:
Injiniya, ina tare da kai rabi. Bari in kawo misalai biyu ka auna. A 2012 birnin Cikago ya ba ɗaliban sakandare daga unguwanni masu yawan tashin hankali aikin hutu na sati takwas, ana biyan su. Ɗalibai 1,634 ne a binciken da Sara Heller ta yi, an zaɓi masu samun aikin ta ƙuri'a. Cikin wata 16 da suka biyo baya, kamun da ake yi wa waɗanda suka samu aikin saboda laifukan tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin ɗari. Wannan hujjarka ce. Amma ka lura da abu biyu. Kowane ɗan rukuni yana da babba da aka ɗora masa alhakin bin su, yana koya musu yadda ake zama da shugaba da abokan aiki. Sannan mafi yawan raguwar ta zo ne bayan aikin ya ƙare, lokacin da albashin ya tsaya. Da kuɗin ne kaɗai, da ya ƙare sai a koma gidan jiya.

Na biyu daga Laberiya. A Monrobiya, Chris Blattman da abokansa sun yi aiki da wata ƙungiyar gida mai suna NEPI, suka ɗauki samari 999 da ke rayuwar titi, da yawa cikinsu masu sata da sayar da ƙwaya. Wasu aka ba su dala 200 kawai. Wasu aka ba su horo na sati takwas kan kame kai da sarrafa fushi da tsara gobe. Wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu ba a ba su komai ba. Masu kuɗi zalla sun ɗan natsu na 'yan makonni, kafin shekara ta zagayo tasirin ya gushe. Waɗanda aka haɗa wa horo da kuɗi su ne laifinsu ya ragu sosai, kuma da aka koma bayan shekara 10 bambancin yana nan. Horon ma ba na zama a benci ba ne. Ana sa mutum ya yi aski, ya sa tufafi masu tsabta, ya shiga banki ko babban kanti ya ga yadda za a karɓe shi, ya dawo ya ba da labari. Masu koyarwar kuma da yawansu sun taɓa irin wannan rayuwar.

Injiniya:
To na ji. Amma ka ga a duka biyun akwai kuɗi a ciki. Kada mu fita daga nan da tunanin cewa kyakkyawar mu'amala kaɗai ta wadatar. Na yarda sana'a ba ta tsayawa ita kaɗai, ku ma ku yarda ba a cire ta.

Anti Nas:
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wani ya ambaci 'yan mata, shiru. Koci, cikin 43 ɗin nan mata nawa ne? Ina kyautata zaton babu ko ɗaya. Haka ake yi kullum, a ce shirin matasa, a nufi samari, saboda su ne idan sun lalace kowa yake ji. Yarinya kuwa shiru take lalacewa. Ni a wurin aiki nake ganin su, 'yar shekara 15 ta zo da damuwar da ta kwana da ita wata shida, ba ta da wanda za ta faɗa wa.

A Yuganda ƙungiyar BRAC ta buɗe kulob na 'yan mata a cikin unguwanni, ɗaki guda kusa da gidajensu, ana buɗewa da yamma bayan makaranta. Mai jagorantar su budurwa ce daga unguwar wadda ta ɗan girme su. Ana koyon sana'a, da kula da lafiya, da yadda za ta tsaya wa kanta, ana kuma wasa da hira. Oriana Bandiera da abokan aikinta sun bi su, bayan shekara huɗu suka ga ɗaukar ciki a ƙuruciya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, masu neman na kansu kuma sun ƙaru sosai. Ɗaki ne kawai da yayar da aka yarda da ita.

Sai abu na biyu da ba a son faɗa. Duk inda aka ce babba ya shaƙu da yaro, dole a sa ƙa'ida, domin mugu ma ta wannan ƙofar yake shiga. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a rufaffen wuri. Manya biyu a kowane zama. Iyaye su san wanda ke tare da 'ya'yansu da lokacin tashi. Yara su san wanda za su kai wa ƙara ko da a kan shugaban shirin ne. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce ga mai aikin.

Kocin Ƙwallo:
Anti, babu ko ɗaya, kuma ban taɓa lura da rashin su ba sai yanzu. Akwai 'yan mata uku da kan tsaya daga nesa suna kallon ƙwallon, na ɗauka ƙannensu suke jira. Ƙa'idar manya biyu kuwa daga wannan Asabar za ta fara.

Baba Mai Ritaya:
'Yata Ɗaliba, na janye maganar gidan yari. Ban san an gwada ba, kuma babba ba ya jin kunyar karɓar gyara. Labarin Auta ma ya tuno mini da abin da ni kaina na yi na manta darasinsa.

Akwai wani yaro a ajina, babu irin horon da ban yi masa ba. Ya fasa taga, ya doki 'yan aji, sau biyu ana kiran mahaifinsa. Wata rana mai kula da lambun makaranta ya kwanta rashin lafiya, shukokin suka fara bushewa. Don dai in raba shi da aji in samu sauƙi, na ba shi makullin ɗakin kayan aiki na ce ya riƙa ban ruwa. Ban yi don hikima ba, gajiya ce. Sai ga yaron nan yana riga kowa zuwa da safe. Ya ɗaura makullin a zare ya rataya a wuya, a cikin riga, kamar wani zai ƙwace. Ya zaɓi yara biyu da kansa su taya shi, ya hana kowa taka kunya. Ranar da aka samu shebur ɗaya ya ɓata, ya zo ofishina idonsa jawur, ba don tsoron duka ba, don kada in karɓe makullin. Ban karɓa ba. Ya gama makaranta lafiya. Shekaru da yawa bayan haka muka haɗu, ya durƙusa ya gaishe ni, bai ambaci darasi ko ɗaya da na koyar ba, makullin nan kawai ya tuna.

Amma zan tsaya a kan abu ɗaya: iyaka. Yaro yana buƙatar ya san akwai layin da ba a tsallakewa. Ba shi amana ba ya nufin a sakar masa linzami.

Mai Lissafi:
Baba, a kan iyaka ƙasar Aisland da ke Turai ta goyi bayanka. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 a can sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Sun sa dokar cewa 'yan shekara 13 zuwa 16 ba sa yawo a waje bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi, ko 12 na dare a lokacin zafi. Iyaye suka riƙa sa hannu a yarjejeniya tsakaninsu, suna kewaya unguwa da dare. Amma ba su tsaya a hani ba. An zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da zane, babban birninsu Reykjavik yana ba iyalai tallafin biyan kuɗin shiga irin waɗannan. Kuma ana yi wa ɗalibai tambayoyi a kai a kai, a mayar wa kowace unguwa da nata sakamakon don ta ga inda take. An rufe ƙofa ɗaya, an buɗe goma.

Uwar Samari:
Wannan ƙasa ce mai arziki, mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Koci da aron aji yake aiki. Yarjejeniyar iyayen dai ta burge ni, don ita ba ta cin ko kwabo. Da za a kira mu a zauna da mu, da yawanmu za mu zo.

Tsohon Sikawut:
To ga wanda ba na masu arziki ba. A 1987 aka kafa ƙungiyar wasanni ta matasan Mathare, ɗaya daga cikin unguwannin marasa galihu na Nairobi. Gasar ƙwallo ce, amma ƙungiya tana samun maki a teburin gasa idan ta fita ta kwashe shara ta gyara magudanar ruwa, kamar yadda take samu idan ta ci wasa. Matasan ne alƙalan wasa, su ne masu horarwa, su ne a kwamitoci. Daga baya aka shigo da 'yan mata. Koci, ƙwallon da kake ɗauka tarkon jawo su ne zuwa lacca, ita ce ajin.

Kocin Ƙwallo:
Akwai abin da ban faɗa ba, kuma ya kamata ku sani. Cikin mu huɗu, biyu sun daina zuwa tun wata na uku. Ɗaya aiki ya yi masa yawa, ɗaya ya ce yaran ba sa godiya. Akwai yaro da ya shaƙu da na biyun sosai, sati uku yana tambayata ina yake, daga nan shi ma ban sake ganinsa ba.

Ɗalibar Ilimi:
Wannan ya fi laccar illa, Koci. Shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, wanda asalinsa ke komawa 1904, yana haɗa yaro ɗaya da babba ɗaya. A binciken 1995 an ga yaran da aka haɗa sun fi kauce wa fara shan ƙwaya da kashi 46 cikin ɗari a kan waɗanda ke jiran a haɗa su. Amma da Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake duba bayanan a 2002, sai suka ga amfanin ya fi yawa ga waɗanda alaƙarsu ta kai shekara. Waɗanda aka rabu da su kafin wata uku kuwa, darajar da suke ba kansu raguwa ta yi. Yaron da dama manya sun saba tafiya su bar shi, ka zo ka nuna masa kulawa sannan ka ɓace, ka tabbatar masa da abin da yake zargi. Duk wanda za ku ɗauka, ku nemi alkawarin shekara guda. Wanda ba zai iya ba ya zo a matsayin baƙo na rana ɗaya, yaran su san haka tun farko. Wanda dole ta sa zai tafi, ya zo ya yi sallama da bakinsa.

Autan Zaure:
Yaya Koci, roƙo ɗaya. Idan za ka tambaye su ra'ayi, ka tambaya da niyyar aikatawa. An sha kiran mu taro a ba mu riga mai tambari, a ɗauki hoto, a ce an ji ta bakin matasa, alhali an gama yanke komai. Muna ganewa. Ko da abin da suka zaɓa bai yi maka ba, matuƙar ba cutarwa ba ne, ka bar su su gwada.

Kocin Ƙwallo:
'Yan zaure, na dawo da bayani bayan sati uku. Na bi gidajen yara 14 cikin waɗanda suka daina zuwa, ban kira su taro ba, ni na je. Tara sun dawo. Ranar farko ban shiga aji ba, muka zauna a ƙasa a gefen fili na ce su faɗi abin da suke so. An yi shiru mai tsawo har na fara karaya, sai wani ya ce gasa suke so ta gaske, da tebur da maki. Wani ya ce a gyara ragar da ta yage. Wani da ban taɓa jin muryarsa ba ya ce yana son koyon gyaran waya.

Yanzu rukuni huɗu ne, biyar-biyar, na gauraya su yadda Malam Sikawut ya ce. Maki uku ga wanda ya ci wasa, uku ga rukunin da ya yi aikin gayyar mako. Ƙwallo da usur suna hannun wanda ya fi ba ni wahala a baya, kuma duk Asabar ɗin nan ya riga ni zuwa. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Sati na biyu an yi faɗa a kan maki har sai da muka tsayar da wasa, kuma uwa ɗaya ta janye ɗanta, ta ce ba ta yarda da haɗin ba. Na je na same ta, ta ce za ta yi tunani. Iyaye shida sun zo zaman da muka kira. Abokina da ya tafi ya amince zai zo ya ga yaron nan, shi kuma yaron har yanzu ban same shi a gida ba, Laraba zan sake komawa.

Anti Nas, 'yan matan nan uku na tambaye su, ba ƙannensu suke jira ba. Sun ce su bakwai ne, kuma ajin da muka bari shi suke so. Mace babba muke nema da za ta iya alkawarin shekara, biyu ma idan da hali. Injiniya, mai gyaran waya ɗaya ya yarda ya karɓi yara biyu, amma masu so sun kai shida. Idan kana da hanyar wani, ina jiran saƙonka.